Wilhelm Rontgen: Malamin da ya buɗe wa likitoci hanyar ganin karayar ƙashin baya

A duk asibitin da ake kai waɗanda suka yi mummunan hatsarin mota ko suka faɗo daga bene, akwai tambaya guda da likita ke son samun amsarta kafin a zaunar da majinyaci ko a juya shi: shin wuyansa ko gadon bayansa ya karye? Ido ba ya ganin amsar, hannu ma ba ya lalubo ta, kuma sau da yawa majinyacin ba ya cikin hayyacinsa balle ya nuna inda ke masa ciwo. Hoton ƙashi ne ke raba gardama. Wanda ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi wani malamin jami'a ne Bajamushe mai suna Wilhelm Conrad Rontgen, wanda bai taɓa karatun likita ba, kuma ya rasu tun a 1923.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Rontgen ranar 27 ga Maris, 1845, a garin Lennep da ke yammacin Jamus. Mahaifinsa, Friedrich Conrad, ɗan kasuwa ne mai sana'ar yadi, mahaifiyarsa kuwa Charlotte Constanze tana da tushe a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Shi kaɗai suka haifa. Yana da shekara 3 iyalin suka yi ƙaura zuwa garin Apeldoorn a Holan, inda ya tashi yana yawo cikin dazuzzuka yana kuma harhaɗa 'yan na'urori da hannunsa. Malamansa na farko ba su ga wata baiwa ta musamman a tattare da shi ba.

Da ya zama saurayi an sa shi a wata makarantar koyon fasaha a birnin Utrecht. A nan ya gamu da abin da ya kusa datse karatunsa baki ɗaya. Kamar yadda marubuta tarihinsa suka ruwaito, wani ɗan ajinsu ya yi zanen barkwanci na wani malami, aka tsare Rontgen a kan ya faɗi wanda ya yi, ya ƙi. Aka kore shi ba tare da takardar shaidar kammala sakandare ba, wadda ita ce mabuɗin shiga jami'a a wancan zamani.

Mafita ta zo masa daga ƙasar Suwizalan. Babbar makarantar fasaha ta birnin Zurich tana karɓar ɗalibai ba tare da nacewa a kan waccan takarda ba, don haka ya shiga a ƙarshen 1865. Ya fito da difloma a fannin injiniyan ƙere-ƙere a 1868, ya sami digirin digirgir daga Jami'ar Zurich a 1869. A can ya haɗu da mutum biyu da suka tsara sauran rayuwarsa. Na farko shi ne Farfesa August Kundt, masanin fiziks, wanda ya ɗauke shi mataimaki. Ta biyu ita ce Anna Bertha Ludwig, 'yar wani mai gidan abinci a birnin, wadda ya aura a 1872. Ba su haihu ba, sai dai a 1887 sun ɗauki riƙon 'yar ɗan'uwan Bertha, Josephine, tana da shekara 6.

Takardar da ya rasa ta ci gaba da bin sa. Lokacin da ya bi Kundt zuwa Jami'ar Wurzburg, hukumar jami'ar ta hana shi matsayin cikakken malami saboda rashin ta. Sai a Strasbourg ya sami wannan dama a 1874. Daga nan ya koyar a Hohenheim, ya koma Strasbourg, ya zama farfesa a Giessen a 1879. A 1888 Jami'ar Wurzburg da ta ƙi shi a baya ta gayyace shi ya jagoranci sashen fiziks, daga baya kuma aka zaɓe shi shugabanta. Abokan aikinsa sun san shi da rashin yawan magana, da ƙera kayan gwajinsa da kansa, da kuma maimaita awo sau da dama kafin ya yarda da sakamako.

Daren 8 ga Nuwamba

A wancan lokaci masana da yawa a Turai suna gwaji da wata kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, ana tura mata wutar lantarki mai ƙarfi. An san cewa wani irin haske na fita daga ƙarshenta guda, amma ba ya tafiya fiye da 'yan santimitoci a cikin iska. Da yammacin Juma'a, 8 ga Nuwamba, 1895, Rontgen, yana da shekara 50, ya lulluɓe irin wannan kwalba da baƙin kwali, ya duhunta ɗakin, ya kunna wuta. Sai ya lura wata takarda da aka shafa wa sinadari mai sheƙi, wadda ke ajiye can gefe, ta fara ƙyalli. Babu wani haske da aka sani da zai iya keta kwalin ya kai wannan nisa.

Wasu masana kafin shi sun ga alamun abin, kamar lalacewar gilasan hoto da aka ajiye kusa da kwalbar, suka wuce ba su bi diddigi ba. Rontgen ya tsaya. Ya kwashe kusan mako 7 a ɗakin gwajinsa, har abinci da barci a can, bai gaya wa kowa abin da yake ciki ba. Ya riƙa sa abubuwa tsakanin kwalbar da takardar: littafi mai shafi kusan 1,000, katako, roba, faifan alminiyam. Hasken ya keta su duka, ƙarfinsa na raguwa gwargwadon kaurin abu da nauyinsa. Dalma ce ta tare shi. Yana riƙe da wani abu a gaban takardar ne ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa a cikin inuwar tsoka mai haske-haske.

Sirrin abin yana nan. Ƙashi yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, don haka yana shanye hasken fiye da tsoka, tsoka kuma fiye da iska. Shi ya sa a hoton da ake ba majinyaci a yau ƙashi ke fitowa fari, tsoka toka-toka, huhu mai cike da iska kuma baƙi. Inda ƙashi ya tsage, hasken na ratsawa ta tsagar ya bar layi mai duhu.

Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ta ajiye shi ba motsi na kimanin minti 15. Hoton ya nuna ƙasusuwan yatsunta da zoben da ke jikin ɗaya. Ranar 28 ga Disamba ya miƙa rahotonsa ga ƙungiyar masana kimiyya da likitoci ta Wurzburg. Da yake bai san ainihin hasken ba, ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Daga nan aka samo sunan da ya shigo bakin Hausawa a matsayin eksire.

Labari ya bazu

Ranar 1 ga Janairu, 1896, ya aika wa abokansa masana kwafin rahoton tare da hotuna. Ranar 5 ga wata wata jaridar birnin Biyana ta buga labarin a shafinta na farko, cikin 'yan kwanaki kuma wayar tangaraho ta kai shi Landan da New York. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kira shi ya nuna masa da idonsa. Ranar 23 ga Janairu ya yi jawabi a bainar jama'a a Wurzburg, inda ya ɗauki hoton hannun dattijon masanin sassan jiki Albert von Kolliker, wanda ya ba da shawarar a sa wa hasken sunan Rontgen. Har yau da wannan suna Jamusawa ke kiran sa.

Likitoci ba su jira ba. Tun a watan Janairun nan John Hall-Edwards ya yi amfani da shi a birnin Birmingham na Ingila wajen gano allurar da ta maƙale a hannu. A farkon Fabrairu aka ɗauki hoton karyayyen wuyan hannun wani yaro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka. A wannan shekarar likitocin sojan Italiya a birnin Naples suka nemo harsasai a jikin sojojin da aka dawo da su daga yaƙin Adwa na ƙasar Habasha. A 1898, lokacin da sojojin Birtaniya suka yaƙi dakarun Khalifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Omdurman ta ƙasar Sudan, wani likitan soja, Manjo John Battersby, ya kafa na'urar a bakin Kogin Nilu, ana tuƙa keke domin a samar da wutar cika batiranta.

Ƙashin baya, wurin da ya fi wuya

Hannu da ƙafa ba su da kauri, hotonsu bai ba da wahala ba. Ƙashin baya ya zama wani abu daban. Shi jerin gaɓoɓi ne 33 da aka ɗora kan juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a ƙasa. Ta tsakiyarsu akwai rami, a cikinsa laka ke bi, wadda ita ce babbar igiyar jijiyoyi da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Gaɓa na iya karyewa laka ta tsira. Amma idan karayar ta sa gaɓar ta yi sako-sako, motsi kaɗan ya isa ya sa guntun ƙashi ya danne lakar ko ya yanke ta. Abin da ke ƙasa da wurin sai ya shanye, idan kuma a saman wuya ne har numfashi na iya tsayawa. Ƙashi yana haɗewa ya warke, amma lakar da ta yanke ba ta komawa yadda take.

Tun fiye da shekara 3,500 da suka wuce likitocin tsohuwar Masar sun rubuta bayanin mutumin da gaɓar wuyansa ta goce, hannuwansa da ƙafafunsa suka mutu, suka sa shi cikin jerin raunukan da ba su da magani. Har zuwa zamanin Rontgen, likita na gane karayar baya ne ta hanyar lalube, ko doron da ya fito, ko kuma bayan jiki ya riga ya shanye. Sau da yawa sai an buɗe gawa ake sanin abin da ya faru.

A ƙarshen 1896 wani matashin likita a Asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore, Harvey Cushing, wanda daga baya ya zama jigon tiyatar ƙwaƙwalwa, ya ɗauki hoton wuyan wata mata da aka harba da bindiga. Sai da ta kwanta fiye da rabin sa'a a gaban kwalbar kafin hoton ya fito, amma ya nuna harsashin a maƙale cikin gaɓar wuyanta. Wannan na cikin lokutan farko da likita ya ga raunin ƙashin bayan mutum mai rai ba tare da ya tsaga shi ba.

Gyare-gyare sun biyo baya. A 1913 William Coolidge na Amurka ya ƙera kwalbar da ake iya daidaita ƙarfin haskenta. A shekarar ce Gustav Bucky na Jamus ya fito da wata raga ta dalma mai tace hasken da ya warwatsu cikin jiki yana dusashe hoto, Hollis Potter kuma ya inganta ta wajen 1920. Da waɗannan ne hoton gadon baya ya fara fitowa sarai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Marie Curie ta shirya motoci kusan 20 masu ɗauke da na'urar zuwa bakin daga a Faransa. A 1920 likitan Birtaniya Geoffrey Jefferson ya yi cikakken bayanin yadda gaɓar wuya ta farko ke fashewa idan nauyi ya faɗo a tsakar kai, karayar da ake kira da sunansa har yau.

Abin da ya ƙi karɓa

Kamfanonin lantarki sun nemi Rontgen ya yi rajistar mallakar fasahar su saya. Ya ƙi, domin a ganinsa abin da masanin jami'a ya gano na jama'a ne. Wannan ya sa duk wanda ke da kwalba da wutar lantarki ya iya ƙera na'urarsa ba tare da biyan kowa ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa fasahar ta game duniya cikin shekara guda. An ba shi lambar girmamawa ta masarautar Bavariya, ya karɓa, amma ya ƙi ƙara wa sunansa laƙabin saraki da ke tafe da ita. A 1901 ya zama mutum na farko da aka ba kyautar Nobel a fannin fiziks. Ya je Stockholm ya karɓa, bai gabatar da laccar da aka saba ba, kuɗin kuma ya bar wa Jami'ar Wurzburg.

Rahoto 3 kacal ya rubuta a kan hasken, na ƙarshe a 1897, sannan ya koma binciken duwatsun ƙarau da ya saba. A 1900 ya koma Jami'ar Munich. A can ne a 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka tabbatar cewa hasken X dangin hasken rana ne, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai. Shahara ba ta yi masa daɗi ba. Wani masani, Philipp Lenard, wanda ya yi aiki da irin kwalbar kafin shi, ya shafe shekaru yana ƙorafin cewa an ƙwace masa nasara. Rontgen bai tanka masa a fili ba, ya ƙara janye jikinsa daga mutane.

Hasken ma ya nuna ɗaya fuskarsa. Waɗanda suka fara aiki da shi ba tare da kariya ba sun ƙone, gashinsu ya zube, wasu suka kamu da sankara. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya rasu a 1904 bayan an yanke masa hannuwa. Hall-Edwards na Birmingham ya rasa hannunsa na hagu a 1908. A 1936 aka kafa dutsen tunawa da irin waɗannan ma'aikata a wani asibiti a Hamburg. Rigar dalma da bangon kariya da ake gani a ɗakunan hoto a yau daga wannan darasi suka samo asali, haka ma tambayar da ake yi wa mace ko tana da juna biyu.

Ƙarshen rayuwarsa

Yaƙin Duniya na Ɗaya da karyewar darajar kuɗin Jamus da ta biyo baya sun cinye abin da ya tara. Matarsa ta rasu a 1919 bayan doguwar jinya, shi kuma ya yi ritaya a 1920. Ya rasu a Munich ranar 10 ga Fabrairu, 1923, yana da shekara 77, sanadiyyar sankarar hanji. An binne shi a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. Bisa wasiyyarsa aka ƙone yawancin takardun bincikensa da wasiƙunsa. A 2004 masana suka sa wa sinadari na 111 sunansa, kuma ranar 8 ga Nuwamba ta zama ranar ma'aikatan ɗaukar hoton asibiti ta duniya.

Gadon da ya bari

Hoton da Rontgen ya kawo inuwa ce, kuma inuwa tana ɗora abu kan abu. A hoton wuya daga gefe, kafaɗu kan rufe mahaɗar wuya da ƙirji, muƙamuƙi da ƙoƙon kai kuma su rufe gaɓoɓi biyu na sama. Waɗannan wurare biyu na cikin inda karaya ta fi aukuwa, kuma majinyacin da ya suma ba zai buɗe baki ko ya sauke kafaɗa domin a samu hoto mai kyau ba. Don haka karaya da dama kan ɓuya.

Injiniyan Birtaniya Godfrey Hounsfield ne ya warware wannan. Ya sa kwalbar hasken ta riƙa zagaya jiki tana awo daga kusurwoyi masu yawa, kwamfuta kuma ta haɗa awon ta fitar da hoton jiki yanki-yanki, kamar an yanka burodi. An fara gwada na'urar, wadda ake kira siti-sikan, a kan majinyaciya a Asibitin Atkinson Morley na Landan ranar 1 ga Oktoba, 1971. Hounsfield ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi lissafin da fasahar ta dogara a kai. Na'urar farko a Najeriya an kafa ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1987. Na'urorin yanzu na ɗaukar wuya da baya gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi, majinyaci na kwance ba a motsa shi ba, kuma su ne zaɓin farko ga wanda ya ji mummunan rauni. Hasken da ke cikinsu shi ne dai wanda ya sa takardar Rontgen ƙyalli. Idan ana son ganin lakar kanta da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, sai a koma ga na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu.

Ba kowane mai hatsari ake ɗauka hoto ba, saboda hasken na da illa kuma aikin na da tsada. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 ya tsayar da sharuɗɗa 5: idan babu ciwo a tsakiyar bayan wuya in an danna, majinyaci na cikin cikakken hayyacinsa, ba ya cikin maye, babu kasala ko mutuwar wani sashe na jiki, kuma babu wani rauni mai zafi da zai ɗauke masa hankali, ana iya barin hoton wuya. Likitocin Kanada sun fitar da nasu ma'aunin a 2001. Wanda bai cika sharuɗɗan ba ana ɗaukar sa a matsayin mai karaya har sai hoto ya wanke shi.

A nan ne tarihin wannan Bajamushe ya shafi masu bin hanyar Kano zuwa Kaduna da Abuja, da masu hawa babur zuwa kasuwa ko ofis. Asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da ƙwararrun da za su karanta hoton, amma abin da ake yi a bakin titi kafin a isa wurinsu shi ke yanke hukunci. Masu kai ɗauki da kyakkyawar niyya kan ja mutum ta hannuwa da ƙafafu, su naɗe shi a kujerar baya ko cikin a-daidaita-sahu, wasu kuma su wuce da shi wurin mai ɗori a ja a murɗa. Abin da likitoci ke koyarwa shi ne, in babu barazanar gobara ko wani hatsarin, kada a zaunar da shi, kada a karkata wuyansa. Mutum ɗaya ya riƙe kan a miƙe daidai da jiki, wasu su taru su ɗaga shi gaba ɗaya zuwa kan abu mai faɗi da tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne. Rontgen ya bar wa duniya hanyar ganin karayar kyauta, amma hoton yana amfani ne ga wanda aka kai asibiti lakarsa ba ta yanke a hanya ba.